Birnin Mumbai: Wuraren da Suka Cancanci Baƙo Ya Gani a Cibiyar Fina-finan Indiya

Gabatarwa

Da wuya a sami wani birni na ƙetare wanda mutanen ƙasar Hausa suka san kamanninsa tun ba su taka shi ba kamar birnin Mumbai na ƙasar Indiya, wanda har zuwa shekarar 1995 ake kiransa Bombai. Tun cikin shekarun 1950, sa'ad da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, jama'a suke ganin titunan wannan birni da tashar jirginsa da bakin tekunsa a jikin majigi. Fim ɗin nan Mother India na 1957 ya shafe shekaru masu yawa ana maimaita shi a Kano ba a gaji da shi ba. Masu bandiri sun ari karin waƙoƙin Indiya sun ɗora begen Annabi a kai, sa'an nan da sana'ar fim ɗin Hausa ta kankama daga shekarar 1990, kowa ya ga inda ta koyo rawa da waƙa.

To, amma sanin gari ta majigi daban, saninsa da ƙafa daban. Ɗalibi ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa wanda ya sami kwana uku ko huɗu a Mumbai yakan zaci abin kallon duk yana ƙofar gidajen taurarin fim, sai ya ƙarar da lokacinsa cikin cunkoson motoci, ya komo gida da hoton katanga da ƙyaure. Manufar wannan bayani ita ce a jera muhimman wuraren birnin bisa tsarin da tarihi ya kafa su, a kuma nuna cewa nishaɗin da ya yi suna a kansa reshe ne, tushensa kuwa teku ce da auduga da jirgin ƙasa da gumin mutanen da suka yiwo ƙaura zuwa cikinsa. Wanda ya gane tushen shi ne zai ci moriyar kallon reshen.

Yadda Birnin Ya Samu

Mumbai tana gaɓar yammacin Indiya, a bakin Tekun Arabiya, kuma ita ce hedkwatar Jihar Maharashtra tun da aka ƙirƙiro jihar a 1960. Ƙidayar 2011 ta nuna akwai mutum fiye da miliyan 12 a cikin birnin, kimanin miliyan 18 kuwa idan an haɗa da garuruwan da suka manne masa. Abin mamaki shi ne yawancin ƙasar da tsohon birnin yake zaune a kai a da ruwa ne. Tsibirai bakwai ne a wurin, mazaunin masuntan ƙabilar Koli. Turawan Fotugal suka karɓe su daga hannun Sarkin Gujarat, Bahadur Shah, a 1534. A 1661 da gimbiyar Fotugal, Katarina, za ta auri Sarkin Ingila Charles na Biyu, sai aka sa tsibiran cikin gararta. Shi kuwa Sarki bai ga wata riba a cikinsu ba, ya ba Kamfanin Gabashin Indiya hayarsu a 1668 a kan fam 10 a shekara.

Daga nan aka shiga aikin datse teku da cike tsakanin tsibiran da duwatsu da ƙasa. An gama babbar madatsa ta farko a 1784, zamanin Gwamna William Hornby, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 19 tsibiran sun zama ƙasa guda. Wannan ne ya sa birnin ya kasance siriri mai tsawo, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ruwa na dama ruwa na hagu. Lalle ne baƙo ya riƙe wannan a ransa, domin tsoffin gine-gine suna ƙuryar kudu, wuraren shirya fim kuwa suna can arewa, kuma tafiya tsakaninsu a mota takan ci sa'a biyu idan hanya ta cushe.

Ƙofar Indiya da Tsibirin Giwa

Da yake teku ce ta haifi birnin, daga bakinta ya dace a fara. A unguwar Colaba akwai Ƙofar Indiya, wani bakan gizo na dutse mai tsawon mita 26, wanda George Wittet ya zana, aka kammala shi a 1924 don tunawa da saukar Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary a 1911. An gina shi ne don ya zama mashigar masu mulki, sai Allah Ya ƙaddara ya zama mafitarsu: ta nan rundunar ƙarshe ta sojan Ingila ta bi ta shiga jirgi ran 28 ga Fabrairu, 1948. Daura da ƙofar akwai otal ɗin Taj Mahal, wanda attajirin nan Jamsetji Tata ya gina, aka buɗe shi a 1903. Yana cikin wuraren da 'yan bindiga suka kai wa hari a watan Nuwamba na 2008, inda mutum 166 suka rasa rayukansu a sassan birnin dabam-dabam. Saboda haka kada baƙo ya yi mamakin binciken jaka da ake yi a mashigar filin.

Daga gindin ƙofar jiragen fito suke tashi zuwa tsibirin Gharapuri, tafiyar kimanin sa'a guda. Turawan Fotugal sun tarar da wata giwar dutse a can, suka raɗa wa wurin suna Elephanta, watau tsibirin giwa. Akwai koguna a tsibirin waɗanda aka fafe cikin dutse wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, da ginshiƙansu da zaurukansu, ba tare da an kawo tubali ko ɗaya daga waje ba. Mafi shahara a ciki shi ne sassaƙen Shiva, abin bautar Hindu, mai fuska uku, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 6. Hukumar UNESCO ta sa kogunan cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1987. Ko wanda ba ruwansa da addinin masu sassaƙar zai tsaya ya yi tunanin irin haƙurin da mutum zai yi kafin ya fafe zaure cikin dutse da guduma da kurfi. Ba a buɗe kogunan ran Litinin, kuma da damina akan dakatar da jiragen idan teku ta hargitse.

Gine-ginen da Kuɗin Auduga Ya Tayar

Shekaru ashirin ne suka mai da Bombai babban birni. Ran 16 ga Afrilu, 1853, jirgin ƙasa na fasinja na farko a Indiya ya tashi daga Bori Bunder zuwa Thane, tafiyar kilomita 34. A 1854 aka kafa masaƙar auduga ta farko. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, masaƙun Ingila suka rasa audugar da suka saba saye, sai suka juyo Indiya, kuɗi ya yi ta kwarara cikin birnin kamar ruwan sama har zuwa 1865. Sa'an nan aka buɗe mashigin Suwez a 1869, hanyar Turai ta gajarce. Kasuwar hannun jari ta Bombai, wadda aka kafa a 1875, ita ce mafi tsufa a nahiyar Asiya.

Wanda yake son ya ga inda wannan dukiya ta shiga sai ya tsaya a tsakiyar filin Oval Maidan, inda samari suke wasan kurket. Idan ya dubi gabas zai ga Babbar Kotu da ginin Jami'ar Mumbai, wadda aka kafa a 1857, da hasumiyar agogo ta Rajabai mai tsawon mita 85. Wani dillalin auduga da hannun jari, Premchand Roychand, shi ya biya kuɗin hasumiyar, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, aka gama ta a 1878. Idan ya juya yamma zai ga jerin benaye na shekarun 1930, masu lanƙwasassun baranda da launi mai haske, irin salon da ake kira Art Deco. Ƙarni biyu ke nan suna fuskantar juna, fili ɗaya ya raba su. UNESCO ta karɓi wannan rukunin gine-gine cikin jerinta a 2018.

Sarkin gine-ginen wannan zamani shi ne babbar tashar jirgin ƙasa wadda F. W. Stevens ya zana, aka fara ta a 1878, aka shafe kimanin shekara goma ana aikinta. A da sunanta Victoria Terminus, a 1996 aka mai da ita Chhatrapati Shivaji Terminus don girmama jarumin sarkin Maratha na ƙarni na 17, kuma ta shiga jerin UNESCO a 2004. Daga waje kamar fada take, ga ƙubba ga hasumiyoyi ga sassaƙen birai da ɗawisu. Amma babban abin kallo yana ciki, da safe ko da yamma, lokacin da jirage suke zubo ma'aikata dubu-dubu cikin 'yan mintoci. Kafin annobar 2020 jiragen unguwannin Mumbai suna ɗaukar fiye da mutum miliyan 7 kowace rana. Ba nisa da tashar akwai kasuwar Crawford ta 1869, da Gidan Alhazai, domin Bombai ce babbar tashar da alhazan Indiya suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda har zuwa 1995. Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen birnin, kuma da azumi titin Mohammed Ali yakan cika da masu sayar da abincin buɗa baki har tsakar dare.

Bakin Teku da Hubbaren Haji Ali

Da la'asar sakaliya sai a nufi Marine Drive, titin da ya lanƙwashe kamar lauje a bakin teku, fiye da kilomita 3 daga Nariman Point zuwa rairayin Chowpatty. Idan dare ya yi fitilunsa sukan jeru tamkar tsakiya, shi ya sa ake yi masa laƙabi da Sarƙar Wuyan Sarauniya. A garin da iyali guda suke cushe cikin ɗaki ɗaya, wannan katanga ta bakin ruwa ita ce zauren kowa: attajiri da ɗan dako suna zama a kanta su sha iska, ba mai biyan ko anini. Kusa da Chowpatty akwai Mani Bhavan, gidan da Mahatma Gandhi yake sauka daga 1917 zuwa 1934, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, da kuma filin da ya yi jawabin neman Ingilishi su bar Indiya ran 8 ga Agusta, 1942.

Gaba kaɗan wajen arewa, a kan wani ɗan tsibiri mai nisan kusan rabin kilomita daga gaɓa, akwai farin masallaci da hubbaren Haji Ali Shah Bukhari. Bisa ga abin da aka gada, attajiri ne mutumin Bukhara wanda ya rabar da dukiyarsa ya koma ga ibada, kuma ana danganta kafa wurin da shekarar 1431. Wata siririyar hanya ce take kai mutum can, kuma idan teku ta ciko takan shafe ta, sai hubbaren ya zama kamar yana yawo a bisa ruwa. Tilas ne mai ziyara ya tambayi lokacin janyewar ruwa kafin ya taso. Ran Alhamis da Juma'a jama'a sukan yi yawa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma akan ji mawaƙan ƙawwali suna bege. Masu kallon fina-finan Indiya za su tuna wurin, domin a nan labarin fim ɗin Coolie na 1983 ya kai ƙarshensa.

Inda Fim Ya Fito

Ran 7 ga Yuli, 1896, aka fara nuna hoto mai motsi a Indiya, a otal ɗin Watson da ke unguwar Kala Ghoda. A 1913 Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra, wanda ake ɗauka a matsayin cikakken fim na farko na ƙasar, sa'an nan a 1931 Ardeshir Irani ya fitar da Alam Ara, fim mai magana na farko, da waƙoƙi bakwai a cikinsa. Tun daga ranar waƙa ba ta rabu da fim ɗin Indiya ba.

Akwai dalilan da suka sa sana'ar ta yi saiwa a Bombai. Na farko, akwai attajirai masu jarin da za su zuba. Na biyu, akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na al'ummar Parsi, waɗanda suka daɗe suna haɗa labari da waƙa da rawa a dandali. Na uku, akwai dubban leburorin masaƙu da na tashar jiragen ruwa, baƙi daga kowace kusurwa, waɗanda suke neman abin da zai ɗebe musu kewa da ɗan abin da ke aljihunsu. Harshen jihar Marathi ne, amma fim ya zaɓi gamin Hindi da Urdu, domin shi ne harshen da baƙi suke fahimtar juna da shi a kasuwa. Ta hanyar Urdu ne kalmomin Larabci irin su duniya da zamana da adalat da mohabbat suka cika fina-finan, waɗanda kunnen Bahaushe yakan cafke ko ba tafinta. Su kansu manyan 'yan wasan akasari baƙi ne: an haifi Dilip Kumar da Raj Kapoor a Peshawar, Amitabh Bachchan a Allahabad, Shah Rukh Khan a Delhi. Ba banza ba ne jarumin Deewaar na 1975 ya zama leburan tashar jiragen ruwa, na Coolie kuwa ɗan dako a tashar jirgin ƙasa. Masu sayen tikiti kansu suke gani a jikin majigi.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Gidan Tarihin Fina-finan Indiya da ke titin Pedder, wanda aka buɗe a watan Janairu na 2019, inda aka jera tsoffin na'urori da hotunan talla tun daga zamanin fim marar magana. Bayansa sai tsoffin gidajen silima: Regal na 1933 a Colaba, da Eros na 1938 daura da tashar Churchgate, da Maratha Mandir na 1958, inda aka yi bikin fitar da Mughal-e-Azam a 1960. A wannan gida ne aka fara nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge a watan Oktoba na 1995, aka ci gaba da nuna shi kullum da hantsi, ban da watannin annoba, har ya cika shekara 30 a 2025. Zama cikin 'yan kallo a irin wannan gida, a ji suna tafi suna rera waƙa tare da majigi, ya fi koya wa baƙo matsayin fim a zukatan mutane bisa ga kowace katangar tauraro.

Can arewa, a Goregaon, akwai Birnin Fim wanda gwamnatin jihar ta kafa a 1977 a kan fili mai faɗin kimanin eka 520, inda ake zagayawa da baƙi cikin mota su ga kotu da asibiti da ƙauye waɗanda bayansu katako ne da kwali. A Bandra jama'a sukan taru suna ɗaukar hoto a ƙofar Mannat, gidan Shah Rukh Khan, a Juhu kuwa Amitabh Bachchan ya daɗe da al'adar fitowa ya ɗaga wa masoyansa hannu ran Lahadi da yamma. Sai dai ya kamata baƙo ya sani cewa abubuwa da yawa da ya gani a fim ba a Mumbai suke ba. Duwatsun Sholay na 1975 suna Ramanagara, kusa da Bengaluru. Tsaunukan ƙanƙara na waƙoƙin soyayya akasari na Kashmir ne ko na Suwizalan. Da yawa kuma daga fina-finan faɗa da ake fassarawa da Hausa a Haidarabad da Chennai ake shirya su, cikin harsunan Telugu da Tamil.

Masu Riƙe da Birnin

Akwai wurare uku waɗanda ba su da ƙubba ko hasumiya, amma ziyara ba ta cika sai da su. Daga kan gadar tashar Mahalaxmi ana hango Dhobi Ghat, mawankar da aka gina a 1890, inda ɗaruruwan masu wanki suke bugun tufafin otal-otal da asibitoci cikin kwamin siminti a sarari. A bakin tashar Churchgate, gab da tsakar rana, ana ganin 'yan dabbawala masu fararen huluna suna rarraba kwanukan abinci masu hawa-hawa, waɗanda suka karɓo daga gidaje za su kai wa masu su a ofis. Kafin 2020 su kimanin 5,000 ne, suna kai kwano wajen 200,000 a rana da keke da jirgin ƙasa, suna gane kowanne da 'yan alamomin fenti a murfinsa. Na uku ita ce unguwar Dharavi, wadda faɗinta bai kai murabba'in kilomita 3 ba, amma wasu ƙiyasce-ƙiyasce suna kai mazaunanta kusan miliyan guda. Fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008 ya sa duniya ta san ta da talauci, alhali cike take da dukawa da maginan tukwane da teloli da masu narka tsoffin robobi. Wanda zai shiga ya nemi jagora ɗan unguwar, kuma kada ya ɗauki hoton kowa sai da izninsa, domin mutane ba kayan kallo ba ne.

Masaƙun da suka tara wannan jama'a kuwa galibinsu sun mutu. Yajin aikin 1982, wanda Datta Samant ya jagoranta, ya haɗa ma'aikata kusan 250,000, kuma masaƙu da yawa ba su sake farfaɗowa ba. A unguwar Lower Parel baƙo zai ga dogon bututun hayaƙi na tsohuwar masaƙa yana tsaye a tsakiyar kantuna da gidajen silima na zamani.

Lokaci da Tsarin Ziyara

Damina takan fara a watan Yuni ta kai Satumba, kuma ruwanta ba na wasa ba ne: ran 26 ga Yuli, 2005, an auna milimita 944 cikin sa'a 24, birnin ya tsaya cik. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska take da sauƙi. Mai kwana uku zai iya ba kudu rana ta farko, daga Ƙofar Indiya zuwa tasha da kasuwa, ya rufe da Marine Drive. Ta biyu ya tafi tsibirin giwa da safe, ya ziyarci Haji Ali idan ruwa ya janye. Ta uku ya bar wa fim. Mai kwana huɗu sai ya ƙara da gandun dajin Sanjay Gandhi da ke arewacin birnin, inda damisa take zaune kusa da benaye, akwai kuma kogunan Kanheri fiye da 100 waɗanda mabiya Buddha suka fafe.

Kammalawa

Abin da baƙo yake gani a Mumbai bai wanzu don kansa ba. A 1995 birnin ya zama na farko a Indiya da ya kafa dokar kare tsoffin gine-gine, kuma ƙungiyoyin mazauna unguwanni ne suka tsaya tsayin daka har aka karɓi gine-ginen Oval Maidan a 2018. Inda aka yi sakaci kuwa an yi asara. Ginin otal ɗin Watson, mahaifar majigi a Indiya, ya shafe shekaru yana lalacewa, sutudiyon R. K. da Raj Kapoor ya kafa a 1948 ya yi gobara a 2017, aka sayar da filinsa ga masu gina gidaje a 2019. Ɗalibi ko ma'aikacin hukuma wanda ya ga waɗannan misalai biyu zai komo da tambayar da ta shafi garinsu: su wa suke lissafin tsoffin gidajen silima da tashoshin jirgi da masaƙu da kasuwanni, kuma wace doka ce take tsaye tsakaninsu da mai rusau? Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mabuɗin yana aiki ne a hannun wanda ya san ƙofar da yake nema.